Muryar Manaja a Cikin Keji

A kamfanin ɗinkin da ke bayan tashar mota, inda ake ɗinka wa 'yan makaranta riguna da wanduna, akwai wani layi da aka ja a ƙasa da fenti rawaya. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ya taso daga wannan bango ya je ya daki wancan, ya raba ɗakin gida biyu. A gefe ɗaya kekunan ɗinki ne jere-jere, maza da mata a kansu, kowa ya duƙar da kai kamar mai neman allurar da ta faɗi. A ɗaya gefen kuma ofishin Manaja ne, gabansa duk gilashi tun daga sama har ƙasa, don kada wani ya sosa ƙeya bai gani ba.

Manaja da hannunsa ya ja layin nan ranar da aka ba shi aikin. Ya durƙusa da buroshi, ya ɓata wandonsa na fita, ko a jikinsa. Da ya gama ya miƙe ya faɗi dokokinsa. Ba mai tashi daga kan keke sai an kaɗa ƙararrawa. Ba mai tsallake layi sai an kira shi. Wayar kowa kuma tun da safe a cikin akwati za ta wuni, akwatin yana ofis, sai an tashi a karɓa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ga ƙofa can, kullum safiya akwai mutane tsaye a bayanta suna jiran keken da zai rasa mai shi.

A gabansa Yallaɓai suke ce masa. A bayansa kuwa Sa-Ido.

Ya taɓa jin wani shiri a rediyo, ana ba da labarin waɗansu masana da suka gwada mutane, suka ga cewa mutum mai cikakken hankali zai iya cutar da wanda bai yi masa komai ba, muddin wani mai farar riga yana tsaye a kansa yana ce masa ya ci gaba. Mai shirin da takaici yake faɗar abin. Manaja bai ji ƙarshe ba, batir ya mutu, amma abin da ya ji ya ishe shi. Washegari ya sa aka ɗinka masa farar riga mai aljihu uku.

Yana da aku, ruwan toka mai jar wutsiya, wani direban babbar mota ne ya kawo masa tsaraba. Kejin yana rataye daidai 'yar tagar da aka huda a jikin gilashin, wadda ta nan Manaja ke leƙo baki ya yi tsawa. Ba wanda ya zauna ya koya wa tsuntsun nan komai. Zama kusa da taga ne ya koya masa. Ya iya "Wa ya ce ka tashi?" Ya iya "Zauna!" Ya iya "A ci gaba da aiki!" da "Kowa ya koma wurinsa!" Ya iya ƙarar ƙararrawa, har da 'yar rawar da take yi a ƙarshe. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne gyaran murya. Manaja yana da wani ɗan kaki da yake yi kafin ya buɗe baki, kamar ana jan kujera a kan siminti, to akun ya kwashe shi tsaf. Ko matar Manaja ta taɓa amsawa da "Na'am" daga bakin ƙofa, alhali mijinta yana banɗaki.

Akwai kuma abin da Manaja yake kira gwaji. Wata rana da hantsi, ana cikin aiki, sai aka ga ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya zube a bayan gilashi. Wata mata mai ɗinka aljihu ta yi wurgi da yadin da ke hannunta, ta suri gorar ruwanta, ta tsallake layi ko ganinsa ba ta yi ba, ta banke ƙofar ofis ta yayyafa masa ruwa a fuska. Ya buɗe ido. Ya tashi a hankali yana kakkaɓe farar rigarsa.

"Na gode," in ji shi. "Ruwan ma da sanyi. Wa ya kira ki?"

"Yallaɓai, gani na yi ka faɗi."

"Ban tambaye ki abin da kika gani ba. Wa ya kira ki?"

Kafin rana ta take tsaka wata ce a kan kekenta. Manaja ya leƙo ta taga ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku da kyau. Ko gawata kuka gani a nan, ba da ku take ba. Sai an kira ku."

Bayan wannan ya sha maimaita gwajin. Ya faɗi ta baya, ya faɗi ta gefe, wata rana ma ya rataye kai a jikin kujera ya zaro harshe. Ba wanda ya ƙara motsi. Abin ya yi masa daɗi har ya gayyato Mai Kamfani ya faɗi a gabansa don ya gani, Mai Kamfani ya yi ta tafi yana cewa bai taɓa ganin tarbiyya irin wannan ba.

Ana nan sai ciwon kai ya matsa masa, matarsa ta ja shi asibiti. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau sosai, ya rubuta masa ƙwayoyi, sannan ya cire tabarau ya dube shi.

"Ka saurare ni. Duk ranar da ka ji hannunka ya yi nauyi, ko bakinka ya karkace, ko magana ta sarƙe maka, kada ka jira komai, a kawo ka nan take. Wanda aka kawo da wuri mukan ceto masa jikinsa da bakinsa. Wanda abin ya same shi da safe aka kawo shi da yamma, gado kawai muke iya ba shi."

Manaja ya yi dariya. "Likita, ni fa ɗaki guda na mutane ke gabana wuni zubur. Ko atishawa na yi sai sun sani."

Ranar da abin ya zo, ya manta ƙwayoyinsa a kan firij. Da hantsi yana tsaye a bayan gilashi da kofin shayi, yana kallon ƙeyar ƙaninsa. Autansu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke ɗinka kwalar riga, kuma Manaja ya ajiye shi a sahun gaba da gangan, don in zai yi faɗa ya fara da shi kowa ya ga babu zumunci a wurin aiki. Ko kiransa Yaya ya hana shi a cikin kamfani. Yana cikin kallon nan sai ya ji kofin ya yi nauyi kamar an cika shi da dalma. Ya dubi hannunsa, ya ga yatsun suna buɗewa ba tare da ya ce su buɗe ba. Kofin ya tarwatse. Ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe, ya sulale tsakanin tebur da gilashi, kumatunsa a ƙasa, fuskarsa tana kallon ɗakin ɗinki.

Ya buɗe baki zai ce Auta. Abin da ya fito bai yi kama da sunan kowa ba.

Kowa ya gani. Ƙarar kekuna ta fara raguwa kamar ruwan sama da ke shirin ɗaukewa. Akun kuwa ya daɗe da gane cewa in ƙara ta ragu akwai abin da ake faɗa. Ya karkata kai, ya yi kakin nan, ya ce, "A ci gaba da aiki!"

Kekuna suka ɗauka.

Mutanen kamfanin sun iya magana ba tare da leɓe ya motsa ba, shekaru ne suka koya musu. Mai Almakashi, wanda ke yanka yadi a dogon tebur daf da layi, shi ya fara. Ƙato ne, kullum a wurin cin abinci yana rantsuwa cewa akwai ranar da zai faɗa wa Sa-Ido magana har sai ya yi kuka.

"Yau kuma har da asarar kofi aka yi wasan," in ji shi.

"Ai ya ƙware," in ji Gwaggo Maɓalli, tsohuwar da ke sa maɓallai, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. "Dubi bakin, har karkata shi ya koya. A madubi yake gwadawa a gida, ni na san za a zo nan."

Mai Guga ya ɗaga dutsen guga ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa. "Gwaggo, yawu fa nake gani. A kan farar rigar yake zuba."

"Kai dai yi gugarka. Wanda ya ɓata wandon fita don ya ja layi, yawu ne zai dame shi?"

"Auta," in ji Mai Guga, "kai ne ɗan'uwansa. Yaya sumansa na gaske yake?"

Auta bai ɗago ba. Kwalar da ke hannunsa ta karkace, ya farke ta, ya sake sa ta a ƙarƙashin allura. "A gida yake ɗan'uwana. Kuma ni ban taɓa ganin na gasken ba."

"Da na gaske ne ai da tuni wani ya tashi," in ji wata murya daga baya.

"Ƙwarai. Ga mu cike da ɗaki, a ce duk ba mai ido?"

Wannan magana ta kwantar wa kowa da hankali. Kowa ya saci kallon fuskar na kusa da shi, ya ga babu tashin hankali a cikinta, sai ya gyara tasa ta zama irinta, don na gaba shi ma in ya leƙo ya samu natsuwa. Haka natsuwa ta zagaye ɗakin daga keke zuwa keke, alhali babu mutum ɗaya da ya zo da ita daga gida.

Daga inda Manaja ke kwance, ƙafafu kawai yake gani. Bai taɓa sanin ya san ƙafafun mutanensa haka ba. Ga faso a dugadugan Gwaggo. Ga silifas ɗin Mai Guga da aka ɗaure da zare baƙi, zaren kamfani, da jiya ne da sai ya yi magana a kai. Sauran duk suna hawa suna sauka a kan matakin keke, kamar wata dabba mai ƙafafu barkatai da ke tafiya ba ta barin wuri ɗaya. Burbushin auduga yana yawo a cikin hasken da ke shigowa ta sama, a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Wata tururuwa ta zo ta gaban hancinsa tana jan guntun jan zare da ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ta isa inda shayi ya zube, ta tsaya, ta kewaye. Ya bi ta da ido har ta shige ƙarƙashin tebur, yana tunanin me tururuwa za ta ɗinka. Sai maganar likita ta dawo masa, da safe da yamma, jiki da baki. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya ɗaga hannun hagu ya bugi gilashi.

Bugun bai fi na ƙuda ba, amma Auta ya ji. Manaja ya ga ƙafar ƙaninsa ta sauka daga kan mataki. Ya ga ɗayar ta biyo ta. Ya ga gwiwoyin sun fara miƙewa, kujera ta ja baya.

Akun ya yi kaki. "Wa ya ce ka tashi? Zauna!"

Ba wanda bai ga maƙogwaron tsuntsun yana motsi ba. Auta ma ya gani. Ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, kamar wanda ciwon baya ya kama, sannan ya koma.

"Akun ne fa," in ji Mai Guga.

"Na sani."

"To?"

"To a bakin wa ya ji?"

Aka ci gaba da ɗinki. Wayar Manaja ta yi ta ruri a kan tebur, ta gaji ta yi shiru, ta sake. Rana ta hau, kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi, lokacin cin abinci ya zo ya wuce, domin maɓallin ƙararrawa yana jikin bangon ofis kuma mai danna shi yana ƙasa. Ciki ya fara kuka a sahu-sahu. A nan ne aka fara jin haushi na gaske.

"Wannan kuma zalunci ne," in ji Mai Almakashi. "Ka yi gwajinka, ba wanda ya hana ka, amma ka bar mutane su ci abinci."

Can akun, wanda shi ma ya saba a ba shi gyaɗa a wannan lokaci, ya buɗe baki ya saki ƙarar ƙararrawa, har da 'yar rawar ƙarshe. Ɗakin duka ya miƙe lokaci guda. Ƙararrawa ta ba da izinin tashi, amma ba ta ba da izinin tsallake layi ba, don haka suka bi gefensa a jere zuwa ƙofar fita, kowa yana kallon gabansa. Waɗansu da suka zo daidai gilashin sun ɗan rusuna sun ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai," saboda ko da gwajin ne a san sun gaishe shi.

A waje, a inuwar katanga, bakin kowa ya buɗe. Ashe kowa ya ga yawun. Ashe kowa ya ga wandon ya jiƙe. Mai Guga ya ce shi tun faɗuwar kofin gabansa ya faɗi.

"Aikin maigadi ne wannan," in ji Mai Almakashi. "Baba maigadi, ka shiga ka duba mana mutumin nan."

Maigadi ya gyara zama a kan bencinsa. "Ni daga ƙofa zuwa titi ne nawa. Daga ƙofa zuwa ciki ban san kowa ba."

"To kira Mai Kamfani, kai ke da waya a hannu."

"An ce in kira shi in gobara ce ko ɓarayi. Wanne daga ciki?"

Aka ci gaba da tauna. Mai Guga ya kawo shawara a zaɓi mutum ɗaya a tura. Kowa ya ce shawara ta yi, kuma duk idanu suka juya kan Auta.

"Ku daina kallona," in ji Auta. "In gwaji ne, ni zai fi jin daɗin kora, ya nuna ba sani ba sabo. 'Ya'yana wa zai riƙe? Kai, Mai Almakashi? Ba kai ke cewa akwai ranar da za ka nuna masa ba? Ga ranar ta zo, ga shi kwance."

"Ni ba na taɓa mutum yana ƙasa."

"Ɗaga shi aka ce ka yi, ba duka ba!"

Gwaggo Maɓalli ta tsame hannu daga kwano. "Ku ji, yara. Mu tsallaka gaba ɗaya, ƙafa ɗaya. Duk tsiyarsa ba zai kori ɗaki guda ba, wa zai ɗinka masa wandunan?"

Wannan ta yi wa kowa. Suka wanke hannu suka shiga da ƙarfinsu, suka jeru a bakin layi tun daga wannan bango har wancan, kafaɗa da kafaɗa. Manaja ya ga yatsun ƙafafu sun yi sahu a gabansa, ba abin da ke tsakaninsa da su sai fenti da gilashi. Idonsa ɗaya da ke buɗewa sosai ya cika da ruwa.

"In na ɗaga almakashi," in ji Mai Almakashi ƙasa-ƙasa, "kowa ya taka."

Ya ɗaga. Kowa ya karkato gaba, kowa ya dubi ƙafar maƙwabcinsa yana jira ta fara. Shi kansa mai almakashin ƙafar Auta yake kallo, Auta yana kallon ta Gwaggo, Gwaggo ta rufe ido tana motsa baki. Suka tsaya a karkace kamar itatuwan da iska ta tura ta manta da su. Almakashi yana sama har hannun ya gaji.

Akun bai taɓa ganin mutane da yawa haka kusa da kejinsa ba. Ya buɗe fukafukai, ya yi kaki, ya ƙwalla, "Kowa ya koma wurinsa!"

Wallahi har da masu ajiyar zuciya. An ba su abin yi. Manaja ya ga yatsu sun juya sun zama dugadugai, dugadugan suka yi nisa, kekuna suka ɗauka.

Rana ta karkata sosai kafin matar Manaja ta iso. Ta ga ƙwayoyin a kan firij bayan ta dawo daga kasuwa, ta kira wayarsa ba a ɗauka ba, ta ce bari ta kai masa ta kuma faɗa masa abin da ke ranta. Ta shigo da ledar magani a hannu tana mita. Ta taka layin rawaya ta wuce, ita a wurinta fenti ne da ya zube. Sai da ta tura ƙofar ofis ta gan shi.

Ihun da ta yi ya fi ƙarfin kekuna. Ta durƙusa ta ɗago kansa, ta juyo tana kallonsu ta cikin gilashi. "Jama'a ku taimaka! Ku taimake ni!"

Jama'a suka dubi juna. Jama'a ba sunan kowa ba ne.

Ta yi shekaru da mutumin nan, ta san irin gidan da yake ginawa. Ta miƙe ta cusa baki a 'yar tagar, kusa da kejin. "Auta! Taso nan, don ubanka! Kai mai almakashi, ajiye shi ka zo ka kama ƙafafu! Kai mai guga, fita ka tare mota, ko ta waye!"

An kira su. Sai ga gudu. Mai Almakashi ya tsallake layi kamar ba shi ne ya tsaya a bakinsa ɗazu ba. Da sauran suka ga mutum biyu sun wuce ba abin da ya same su, sai ɗakin duka ya kwararo, aka cika ofis, aka toshe ƙofa, har sai da matar ta riƙa ture mutane da gwiwar hannu kafin a samu hanyar fitar da shi. Wannan yana fifita, wancan yana cewa a ba shi iska alhali shi ya tare iskar. Gwaggo Maɓalli ta fi kowa kuka. "Ni tun da safe na ce wannan ba wasa ba ne! Ba wanda ya saurare ni!"

A cikin mota Auta ya rungume kan ɗan'uwansa yana ta faɗin, "Yaya, Yaya, ka ji ni?"

"Yanzu ka tuna sunan?" in ji matar, ko kallonsa ba ta yi ba.

A asibiti likita ya ɗaga hannun daman ya saki, ya faɗi kamar tsumma. Ya tambaya tun yaushe.

"Tun hantsi," in ji Auta.

"Shi kaɗai ne a wurin?"

Auta ya dubi Mai Almakashi, Mai Almakashi ya dubi silin. "A'a. Muna nan."

Likita ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya sa aka kawo gado.

Manaja bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya tafi, magana kuma ta bi shi. In ya yi ƙoƙari sosai yakan fitar da wani sauti guda, shi ne ruwa, shi ne a'a, shi ne sunan matarsa. Masu gashin ƙashi suka ce a riƙa sa shi yana miƙewa da sanda, ko ba zai taka ba, don kada ɗaya ɓarin ma ya manta. Gidan ya yi tsit. Matar da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya rage wa mijinta faɗa, sai ga ta tana wanke-wanke tana kasa kunne ko za ta ji kakin nan. Wata rana ta ajiye soso ta ce masa, "Tashi mu je mu ɗauko tsuntsunka. Ko zagi ne in riƙa ji da muryarka." Ya yi sautinsa, ya gyaɗa kai.

Suka je da hantsi. Tun daga titi ake jin kekuna. Mai Kamfani da kansa ya tarbe su, ya yi ta jajantawa, ya sa aka kawo kujera aka zaunar da Manaja a gefen ma'aikata, daf da layi, kusa da teburin yanka. An sake wa layin fenti, yana ta ƙyalli. Ba a ɗauki sabon manaja ba. A bayan gilashi an kafa ƙusa an rataye farar riga mai aljihu uku, an wanke ta an goge, tana fuskantar ɗaki. Kejin kuma an sauko da shi kaɗan, an sa masa sabon kwanon ruwa.

Da matar ta faɗi abin da ya kawo su, Mai Kamfani ya shafa haɓa. "Ai tsuntsun nan ba zai ji daɗin gida ba. Ya saba da ƙarar kekuna, shiru zai sa shi ciwo. Kuma in faɗa miki gaskiya, aiki bai taɓa tafiya kamar yanzu ba. Shigo ofis mu yi magana a natse."

Ta bi shi tana faɗa, ƙofa ta rufe. Manaja ya rage shi kaɗai a kujera. Ta cikin gilashi yana ganin hannuwan matarsa suna sama suna ƙasa, Mai Kamfani yana murmushi yana girgiza kai. Ya dubi kejin. Tsuntsunsa ne, shi aka kawo wa, kuma ba shi da nisa. Ya kafa sanda a ƙasa da hannun hagu. Ya tura jiki gaba, ya koma. Ya sake. Gumi ya keto masa. Ɗakin duka yana kallonsa ta wutsiyar ido, ba keken da ya rage gudu. A sahun gaba ƙafar Auta ta sauka daga kan mataki, ta tsaya a iska.

A yunƙuri na gaba gwiwar hagu ta riƙe. Ya fara miƙewa, sandar tana rawa, bayansa yana warwarewa a hankali, har kansa ya kusa kai tsayin da yake da shi a da. Ƙafarsa mai lafiya ta ja gaba, babban yatsan ya taɓa fenti.

Akun ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya. Ya yi kaki.

"Wa ya ce ka tashi? Zauna!"

Rabon Manaja da jin muryar nan tun ranar da kofi ya fashe. Garau take, ba ta tsufa ba, ba ta karkace ba. Ya tsaya da baki buɗe. Sai gwiwar ta saki, ya koma kan kujera.

Ƙafar Auta ta koma kan mataki.

Gwaggo Maɓalli ta ciji zare ta tofar, leɓenta ko motsi bai yi ba. "Kun gani ko? Shi ma ya san doka."